TUN RAN GINI RAN ZANE: GIDAN DA YA DACE DA ƘASARMU

Ƴan'uwa maza da mata na rukunonin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙwanni, Madawa, Tasawa, Dogondutsi da Yamai: Maganarmu ta wannan fitowa maganar gida ce, wurin da mutum ke kwana shi da iyalinsa. Muna roƙon shugaban kowane rukuni ya karanta takardar nan da ƙarfi ran taro, don waɗanda ba su yi lakwal ba su ji. In da hali a kira maginan gari su zauna gaba, don maganar tasu ce kafin ta kowa.

Kowa ya tuna daminar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a dukan jihohin ƙasa. Mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka shiga wahala, gidaje dubbai suka faɗi. Har sai da aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Kafin wannan, a 2020, kogin Isa ya cika ya fasa shingensa ya shiga unguwannin Yamai. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri.

Tun daga lokacin magana ɗaya ke yawo a kasuwa da tasha da majalisar shayi. Ana cewa laka ta ci amanar talaka, kowa ya samu kuɗi ya gina bulon siminti ya rufe da tol, ya huta. Mun ji maganar, kuma mun san ciwon da ya kawo ta. Amma ba mu yarda da ita ba. Abin da muke cewa shi ne: gidan da ya dace da Nijar gidan ƙasa ne mai kauri, mai tsakar gida da inuwa, wanda aka ɗora bisa harsashin dutse da siminti, aka kare kansa daga ruwa, aka kafa shi nesa da hanyar ruwa. Ga dalilanmu.

ABIN DA YA KA DA GIDAJE

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zagaya unguwar da gidaje suka faɗi ya duba da idon basira zai ga abu huɗu.

Na farko wuri. Mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba ran da aka samu mulkin kai a 1960. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, Yamai kaɗai ta wuce miliyan ɗaya. Garuruwa sun kumbura, an yanka filaye a fadama da bakin tabki da cikin ƙorama, wuraren da kakanni suka bar wa ruwa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Mutanen Maraɗi sun san wannan karatu: a 1945 gulbi ya cika ya cinye tsohon gari da ke cikin kwari, dole aka tashi aka koma tudu. Gidan da ke kan hanyar ruwa, ko da ƙarfe aka yi shi, mai shi ba zai kwana ciki ba ran da ruwa ya zo.

Na biyu gindin bango. Laka tana jure ruwan da ya sauko ya wuce. Ruwan da ya kwanta a gindinta kwana biyu shi ke kashe ta. Ana aza bulon laka bisa ƙasa kai tsaye, ba dutse, ba tudu, ba magudana a titi. Ruwa ya jiƙa gindi, bango ya zauna, rufi ya biyo shi.

Na uku gaggawa da rowa. Magina na dā suna fara bango da kauri ƙwarai a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Suna cuɗa laka da ciyawa su bar ta ta ruɓa kwanaki kafin su yi aiki da ita. Yau ana kwaɓa ƙasa da safe a buga bulo da rana, a jera shi layi ɗaya siriri, a ce an yi gida.

Na huɗu rashin gyara. Soro yana son yaɓe kafin damina, indararo yana son a share shi. Wasu kuma sukan shafe bangon laka da siminti don su huta da yaɓe. Siminti da laka ba sa riƙe juna. Shafen ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye mai gida bai sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙara da cewa ruwan ma ya sake hali. Wani bincike da masana suka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi sun ninka uku a Sahel tun 1982. Ke nan ginin da ya ishi kakanni yana bukatar ƙari a yau. Ƙarin muke nema.

GIDAN BULO DA TOL

To, mu duba maganin da ake tallata mana. Kowa ya san ɗakin tol a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Tol ya ɗauki rana ya zuba ta kan mutane. Bulon siminti siriri ne, cikinsa rami, zafi na ratsa shi nan da nan. Da azahar jariri ba ya barci, tsoho yana haki, mai azumi ya rasa inda zai sa kansa. Da dare a fito waje, sau da yawa ba gidan sauro, zazzaɓi ya samu ƙofa. Da hunturu kuma ɗakin ya koma randa. Ran da aka yi ruwa, ko malami yana ihu a aji yara ba sa jin abin da yake faɗi saboda ƙarar tol.

Za a ce ai akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Mutum nawa ke da wutar lantarki a garuruwanmu? Wanda ke da ita, nawa yake biya a wata? Kuma mun ga abin da ya faru a watan Agusta 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, wadda a lokacin ita ce mafi yawan wutar da ƙasa ke sha. Manyan gidaje masu gilashi suka koma tanda. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wutar wani, mai shi ɗan haya ne ko da takardar fili na aljihunsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada a ji mu a karkace. Ba mu gaba da siminti. Muna da masana'antarsa a Malbaza tun shekarun 1960, kuma ƙasa na bukatarsa don gada da rijiya da magudana da asibiti. Abu ne mai tsada, sai a sa shi inda aikinsa yake: harsashi, gindin bango, kan ƙofa, bakin indararo, ramin masai. Buhu goma a gindin gidan laka sun fi buhu ɗari a bangon da zai gasa iyali.

INDA RAINI YA SAMO ASALI

Wa ya koya mana raina laka? Ba kakanninmu ba ne. Zamanin mulkin Faransa aka raba gini gida-gida. Na siminti da dutse Nasara suka kira shi "dur", wato mai tauri, na dindindin. Na laka suka kira shi "banko", suka lissafa shi cikin abin wucin gadi. Da aka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram aka kai Yamai a 1926, aka ware unguwar Turawa bisa tudu, ta ƴan ƙasa dabam. Mai son hukuma ta ɗauki gidansa da daraja sai ya yi irin ginin bariki. A lakwal kuma hoton gidan da ke cikin littafi mai rufin ja ne da bututun hayaƙi a ka, gidan ƙasar da ƙanƙara ke sauka. Tuta ta sauka ran 3 ga Agusta 1960, amma kalmomin nan suna bakinmu har yau. Saurayi ya je neman aure a tambaya ko gidansu dur ne. Ma'aikaci ya ci bashin shekara goma don kada a ce yana kwana cikin banko.

Alhali ku dubi abin da laka ta yi. Hasumiyar masallacin Agadas tsawonta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16, an sabunta ta a 1844, tana nan tsaye. A 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Fadar Sarkin Damagaram da gidajen Birni da Zango masu zane a fuska da zankwaye a ka, baƙi sun sha biyan kuɗin jirgi su zo kallonsu. Wanne cikinsu ne na wucin gadi?

ABIN DA MAGINA SUKA SANI

Maginin Hausa bai karanta littafin zafi da sanyi ba, amma aikinsa ya nuna ya san su. Bango mai kaurin kamu guda ko fiye yana shan zafin rana sannu-sannu. Kafin zafin ya ratsa ya kai ciki rana ta faɗi. Shi ya sa soro ke da sanyi da tsakar rana, da ɗumi a daren hunturu. Ya san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi samun yaɓe. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa, tana hana ruwa shiga yaɓe. Ya san laso, da ake haɗawa da katsin marina, ana shafe rufi da shi. Ya san ɗaurin guga da bakan gizo, waɗanda ke ɗaukar rufin babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya.

Ya kuma san zaman mutane. Zaure wurin baƙo ne da karatun yara da sana'ar mai gida. Baƙo ya samu girmansa, iyali su samu sutura. Tsakar gida ita ce babban ɗaki: nan ake daka, nan ake girki da wanki, nan ake suna, nan ake kwana da bazara. Gida yana girma tare da iyali, ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki. Tsarin da ake kwafowa yanzu, ɗaki a tsakiyar fili da falo da tagogin gilashi masu kallon titi, yana cinye tsakar gida. Mata su koma girki a lungu mai zafi, tagogin kuma a rufe su da labule har abada don kada masu wucewa su leƙa.

Ba mu ce duk abin dā daidai ne ba. Ɗaki mai duhu marar taga ba gadon da za a riƙe ba ne. Hayaƙin murhu a rufaffen madafi yana cin idon mata da ƙirjin yara. Masai kusa da rijiya cuta ne. Gara na cin azara. Azarar ma ta yi wuya, don giginya da goriba sun ragu, kuma ba za mu ce a ƙarasa sare su ba. Soro da kansa yana fitar da zafin da ya sha cikin daren bazara, sai an yi masa tagogi masu fuskantar juna iska ta wanke shi. Waɗannan duka suna da magani, kuma an riga an gwada maganin a ƙasar nan.

GANI YA KORI JI

A garin Yama, jihar Tawa, jama'a suka tashi gina masallacin Juma'a a 1962. Aka ba Alhaji Falke Barmu aikin, manomi ne kuma magini. Wani ya kawo bulo, wani ruwa, wani icce. Daga baya aka sake rufin da bakan gizo, aka ƙara hasumiya huɗu. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake takararta tsakanin ƙasashe masu yawa. Maginin ƙauye da laka, ya tsaya sahu ɗaya da masu digiri.

A 1980, a Cikal wajen Filinge, aka fara koya wa magina gini marar icce: rufin ƙubba da na baka da bulon laka zalla, dabarar da aka ɗauko daga Masar da Iran. Ba azara, ba tol. Daga nan dabarar ta bazu cikin Nijar har Mali da Burkina Faso, kuma akwai maginan da suka iya ta a garuruwanmu. Irin wannan rufi yana son gwani da kula da shafensa, kada wanda bai koya ba ya taɓa shi.

A 2016 ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou, gwanar tsara gine-gine, da abokan aikinta suka gama gidaje 6 a Yamai, waɗanda aka sani da Niamey 2000. Gidaje ne masu bene, an gina su da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa, kowanne da filinsa na shan iska a ɓoye daga idon titi. Sun ɗauki darasi daga tsofaffin birane irin su Damagaram da Kano da Tumbutu, inda gidaje ke jingine da juna suna yi wa juna inuwa. Sun nuna ma'aikaci na iya zama gidan ƙasa a babban birni, da famfo da lantarki da kome, ba tare da ya cinye fili mai yawa ba. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka gama aikin Dandaji, jihar Tawa: tsohon masallacin laka aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, maginan yankin suka yi aikin.

Bulon nan ba sihiri ba ne. Jar ƙasa ce da ɗan yashi, a zuba siminti kaɗan, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, a ɗan jiƙa, a matse da injin hannu, a rufe shi ya yi makonni yana ƙarfi a inuwa. Ba a ƙona shi, saboda haka ba ya cin icce. Injin kansa an ƙirƙiro shi a ƙasar Kolombiya tun shekarun 1950, kuma maƙerin da ya iya walda zai iya yin irinsa.

Mai son tol ma akwai yadda ake yi. A Gando, cikin Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu lakwal a 2001. Bango na bulon ƙasa, rufin ciki na ƙasa, sa'an nan tol a ɗage can sama bisa ƙarafa, ya zarce bango ta kowane gefe kamar malafa. Iska na bi tsakanin rufi biyu ta kwashe zafi, ruwa kuma ba ya dukan bango. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'ar.

Gaskiya ɗaya sai an faɗe ta. Irin wannan gini ba kullum yake fin na siminti araha ran gini ba, musamman inda gwanaye ba su da yawa. Ribarsa tana zuwa a hankali: kuɗin wuta ya ragu, lafiya ta ƙaru, kuɗin aikin kuma ya tsaya a hannun magini da mai amalanke da lebura na gari maimakon ya bi mota ya ƙetare iyaka.

AIKIN KOWANE RUKUNI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke so kowane rukuni ya yi kafin hadarin farko:

1. A zauna da dattawa da masu unguwa a rubuta wuraren da ruwa ke bi da inda yake kwanciya. A kai takardar ga magajin gari, a nemi kada a ƙara yanka fili a wuraren. Wanda zai sayi fili ya je ya gan shi a watan Agusta tukuna.

2. Mai sabon gini ya haƙa harsashi ya cika da dutse, ya ɗaga gindin bango da dutse ko siminti ya kai gwiwa, daɓen ɗaki ya fi titi tudu. Daga nan laka ta hau, da kaurinta.

3. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, tagogi a can, ɗaya ƙasa-ƙasa ɗaya sama, da raga saboda sauro. Gabas a ƙarfafa yaɓe. Yamma a yi rumfa ko a dasa icce.

4. Kada a cinye fili duka da ɗakuna. A bar tsakar gida, a bar zaure. A tambayi matan gida inda madafi da wurin wanki za su zauna tun ba a ja igiya ba, su ne ke yini a ciki.

5. Indararo ya yi tsawo, ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. In tol za a sa, a ɗaga shi, a yi rufin ciki, a bar shi ya zarce bango.

6. A maido da gayyar yaɓe. Kowace unguwa ta sa rana a watan Afrilu ko Mayu, a fara da gidajen gwauraye da tsofaffi da marayu. A share magudanu a ranar.

7. A rubuta sunayen tsofaffin magina na gari, a haɗa kowanne da samari biyu ko uku. Maginin da ya mutu bai koyar ba, sana'a ta bi shi kabari. Rukunin da ke da adashi ya duba ko zai sayi injin matse bulo, a riƙa ba da shi haya.

8. Ran 3 ga Agusta, ranar mulkin kai kuma ranar dashen itatuwa, kowane gida ya dasa icce ɗaya a tsakar gida ko ƙofar zaure, ya kuma raine shi.

Ga hukuma kuma muna da roƙo. In za a gina aji ko ɗakin shan magani ko rumfar kasuwa da kuɗin jama'a, a gina wasu da ƙasa, ginin kirki, a tsakiyar gari inda kowa zai shiga ya ji sanyin da jikinsa. Talaka yana kwaikwayon abin da ya ga manya sun girmama. A kuma sa ginin ƙasa cikin karatun makarantun koyon sana'a, a ba maginin da ya ƙware takardar shaida kamar yadda ake ba makanike.

Ƴan'uwa, gida ba riga ba ne da za a tuɓe in ta matse. Wanda ya gina bana, jikokinsa za su kwana cikin shawarar da ya yanke. Zafi na ƙaruwa, ruwa na ƙara ƙarfi, kuɗi ba su ƙaru ba. Ƙasar gini kuwa tana ƙarƙashin ƙafarmu, masu sanin ta suna raye a cikinmu. Tun ran gini ran zane.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Rukunin da ya yi taro kan maganar nan ya aiko mana da abin da magina da mata suka ce, za mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ɓarnarta. Amin.